Jira a Bakin Rijiyar Wasu

Ranar wata Asabar ce, bayan sallar layya, shekara guda kafin babban farin da ya ƙarar da shanun Damargu. Hantsi bai yi ba Kawu Salisu ya ɗaga ni ya aza bisa babur ɗinsa, a ƙofar gidansa, can wani gari kusa da Daura a Nijeriya. Inna ta kawo zanen goyo ta ɗaure ni a bayansa kamar jinjira, ni da na kai shekara goma. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ki duba da kyau, Abu. Kawunki bai san fuskar babanki ba."

Babana maginin rijiya ne. Ƙauyenmu yana gabas da Ollelewa, inda ruwa ke da nisa ƙwarai a ƙasa. Na tashi ina kora jakin da ke jan guga, in yi ta tafiya da igiya har in daina jin muryar mata kafin guga ta iso baki. In na dawo ga surfe, ga awaki, ga cire ƙarangiya daga ƙafa, sai da yamma mu samu mu yi gaɗa a dandali. Kowane rani Baba yakan tafi kudu ginar rijiyoyi tare da Baba Idi, maƙwabcinmu, wanda danga ɗaya ta raba gidansa da namu, su dawo da hadarin farko. Waccan shekara ruwa ya sauka ba su zo ba. Ni da Inna muka yi shuka, muka yi noma, aka yanke hatsi, shiru. Shi ya sa ta sayar da tunkiya muka hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa wurin wanta, wanda ya bar gida tun kafin a yi aurenta. Ita ga ɗanyen goyo, sai ni aka aika nema.

Ban taɓa hawa moto ba, abin da su can suke kira babur. Da ya tashi na runtse ido na cusa fuska cikin rigar Kawu, mai warin fatun da yake saye. Yana dariya yana cewa, "'Yar Faransa, buɗe ido mana. An aiko ki dubawa kin zo barci?" Haka suke kiran mu mutanen ƙetaren iyaka, don Faransa ce ta mulki ƙasarmu. Da na buɗe sai na ga ƙasar da ba irin tamu ba. Manyan ɗorawa da rimi, rumbuna na laka ba na kara ba, fadama kore shar da rake da albasa a tsakiyar rani, mata na ɗiban ruwa da 'yar gajerar igiya. Yara na bin mu da gudu, kaji na watsewa. A yashi babur ya riƙa karkata, Kawu na dafa ƙasa da ƙafa. Duk namijin da na hango a gona ko bisa jaki sai gabana ya faɗi, in mun matso in ga ba shi ba ne.

Ƙauye bayan ƙauye Kawu na tsayawa ya yi sallama ya tambayi magina daga Damargu. Wajen azahar muka iske wani tsoho yana saƙar igiya a inuwa. Ya ce ƙwarai ya san su, su biyu ne, kuma gab da damina rijiya ta rufta da ɗaya. Kawu ya faɗi sunayensu, tsohon ya girgiza kai. "Mu dai Ɗan Faransa muke ce wa kowannensu." Kawu ya ce dogon ko gajeren? Ya ce ai duka dogaye ne. Haka kuwa suke. Ya kai mu bayan gari ya nuna mana kabari ƙarƙashin wani gawo, an jera masa ƙaya saboda dabbobi. Na tsaya ina kallon tudun ƙasar nan ban san ko in yi kuka ba. Tsohon ya ce ɗayan yana nan gaba, hayin fadama, yana wata ginar.

Daga nan Kawu bai ƙara tsokanata ba. Mun sami rijiyar da maza a bakinta suna jan kwandon laka, maginin yana ƙasa. Na ruga zan leƙa, wani dattijo mai riƙe da igiya ya tare ni da hannu. Na san dokar tun a gida: yaro ba ya matsa wa rijiyar da ake gina, don 'yar tsakuwa in ta faɗa daga sama tana iya fasa kan mutum. Kawu ya roƙa a kira shi a ji sunansa kawai. Dattijon ya ce, "Ba a jefa wa mai gina labarin gida yana ƙasa, malam. In hankalinsa ya rabu, wa zai duba masa bango? Ku zauna."

Muka zauna. Wata mata ta kawo mini fura na ajiye ta gefe. Kwando ya fito, kwando ya koma, ina kallon lakar kamar za ta gaya mini hannun wa ya ɗebo ta. Sai da inuwa ta miƙe aka girgiza igiya daga ƙasa, maza suka haɗu suka ja. Mutum ya fito laka tun daga kai har ƙafa, idanu kaɗai ake gani. Ya tsuguna aka zuba masa ruwa a hannu, ya wanke fuska, ya ɗago.

"Abu? Wa ya kawo ki nan?"

Na faɗa jikinsa da lakar da komai. Ya dubi Kawu ya ce a hankali, "Iyalin Idi sun ji?" Ashe abin da ya hana shi komawa ke nan. Ya kasa shiga gari shi kaɗai ya wuce ta ƙofar gidan nan.

Babban ɗan Baba Idi shi na aura daga baya. Ni kaɗai ce a ƙauyenmu, ban da Baba, na taɓa ganin inda ubansa yake kwance. Har muka tsufa mai gidana yakan ce, "Sake faɗa mini, gawon babba ne?" In faɗa masa, ya ce bana in an cire amfanin gona za mu je. Yanzu moto ya cika ko'ina, samari na zuwa Damagaram su dawo a yini ɗaya, wanda ke Libiya ma ana jin muryarsa a waya. Mu dai ba mu je ba. Daminar da ta wuce Allah ya karɓi abinsa, ina faɗa wa jikata wannan tana rubutawa hawaye na zuba. Tun da ya tafi, babu wanda ya sake tambayata gawon.