Koriyar Ƙofar Inna

Yayata tela ce. Tun tana budurwa take kan keken ɗinki a ɗakin gaba na gidanmu, mace mai taurin rai, ban taɓa ganin abin da ya sa ta rama ba sai sayar da gidan nan.

Ba da son ranta ba. Bango ya tsage, ruwa na zuba a ɗakin Inna, mazan gidanmu kuwa sun tasa ta gaba a raba gado. Ta yarda, amma abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Inna, mahaifiyarmu, tsufa ya taɓa mata tunani. Ka ɗan juya baya, ta zura takalmi ta fice. Sunayenmu duk sun ɓace mata, wallahi ni har tambayata take 'yar wace ce. Amma duk inda ta kai sai ta dawo, saboda ƙofarmu koriya ce, ita kaɗai a layin, kuma ita ce ba ta manta ba. To in an sayar, ina za ta nufa?

Dillalin unguwa, wanda muke kira Gobe-da-safe don kullum amsarsa ke nan, ya yi ta kawo masu saye. Ana zagaya ɗakuna lafiya lau, ana ƙwanƙwasa bango, sai Yaya ta tsayar da keke ta ce, "Da sharaɗi fa. Kada a sake fentin ƙofar nan. In tsohuwarmu ta zo kuma, kada a kore ta, a kira ni."

Sai ka ga mutum ya kalli matarsa, ya ce zai yi shawara. Ko ƙeyarsa ba ma sake gani.

Ran nan dillali ya cire hula ya share zufa. "Haba Hajiya! Gida nake sayarwa, ba gida da tsohuwa ba. So kike ki kashe min kasuwa?"

Ni na taso masa, don bakina ba ya shiru. Yaya ta ce in bari. Ta koma kan ɗinkinta, amma zare ma ya ƙi shiga allura.

Amma a faɗi gaskiya, mutumin nan ba mugu ba ne. Shi ya dawo da dabara. Ya samo mana ƙaramin gida a wata unguwa, ya kuma shawo kan wani mai saye ya bar mana ƙofar. Kafinta ya ciro ta, har da sakatarta da ta karkace, ya kafa ta a sabon gida. Yaya ta yi ta sa masa albarka, amma abinci ya ƙi shiga cikinta. "In ba ta gane ta ba fa?" Tambayar ke nan, safe da yamma.

Ranar tashi muka sauko da Inna daga mota a gaban sabon gidan. Ta tsaya, ta kalli layin da ba ta sani ba, sannan idonta ya sauka kan ƙofar. Ta matsa a hankali, ta shafa sakatar.

"Ai wannan ƙofarmu ce," ta ce.

Yaya ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo mata. Dillali har ya fara washe baki.

Sai Inna ta juyo a firgice. "Wa ya sato ta? Ku cire mu mayar maza! Babanku zai dawo ya tarar da gida a buɗe."

Babanmu kuwa ya daɗe da rasuwa.

Yanzu Yaya ta ja kekenta zuwa bakin ƙofa, a nan take aiki. Ɗinkinta ya fara karkacewa, masu kaya na ƙorafi, don rabin idonta ba ya kan allura, yana kan Inna kada ta fice neman tsohon gida.