Shafin da Mista Rennie Ya Ƙwace

Hardwell Chipungu ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki a gidan waya na Zomba, kuma ba a taɓa jin ƙunshin da ya ɗaure ya kwance a hanya ba. Da ya ajiye aiki ya koma gonar masara kamar kowa, amma rabin zuciyarsa na cikin wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa.

A cikin akwatin akwai tsofaffin littattafan zane ɗari biyu da sha biyu, irin waɗanda aka buga a Amurka tun zamanin yaƙin duniya na biyu, masu jarumai da maganarsu rubuce a bisa kawunansu. A da, cikin dilolin gwanjo da coci-coci ke aikowa suke isowa, an cusa su don cike gurbi. Hardwell ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu ma daga hannun masu tallan gyaɗa ya ƙwato su kafin a yage a naɗe gyaɗa. Tsakanin kowane goma yakan shimfiɗa busasshen ganyen taba saboda gara.

Sai dai wanda ya fi so ba ya ciki. A shekarar 1958, yana ɗan aji huɗu a makarantar mishan, ya sami littafin labarin wani mai nutso a teku, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Bambo Chule, wato Malam Kwaɗo, saboda ƙaton tabaransa. Miyagu sun yanke masa bututun iska a cikin wani nitsattsen jirgi, saura shafi ɗaya a ga ƙarshe, sai hannun shugaban makaranta, Mista Rennie, ya sauko ta bayan kafaɗar Hardwell. Littafi ya tafi ofis, mai shi ya sha bulala huɗu. Tun daga ranar yake neman wannan shafi.

Matarsa Nachisale, wadda ke kiransa Abambo, wato maigida, takan ce, "Abambo, shekara sittin mutum na ƙarƙashin ruwa. Ko kwaɗon gaske ne ai ya hutar da kansa."

"Ba a yanke wa mutum hukunci sai an karanta takardarsa," in ji shi.

Ana nan sai cocinsu ya sayi sababbin littattafan waƙa, aka ce tsofaffin guda arba'in za a kai wa masu ibada na ƙauyuka ranar Asabar. Da yake babu mai ɗauri kamar Hardwell, shi aka kira ranar Litinin. Yana jera su sai ya ga ƙyallen bangon ɗaya ya ɓare a kusurwa. Ya gyara tabarau. Koren ido ne ke kallonsa daga ciki, zagayayye, irin na Bambo Chule.

Ashe Mista Rennie mutum ne da ba ya zubar da ko allura. Duk littafin da ya ƙwace sai ya sa a manna shafukansa da kokon rogo, a danne su zama kwali, a yi wa littattafan waƙa bango. Shekara sittin Hardwell na rera waƙa ran Lahadi da jaruminsa a tafin hannu.

Ya je wa mai kula da kayan coci, Likongwe, wanda benci ɗaya suka zauna a makaranta, ya nemi izinin ɓare bangayen.

"Dattijon coci guda, da furfurarka, ka ɓare littafin yabon Ubangiji saboda kwaɗo?" in ji Likongwe.

"Bango kaɗai. Waƙa ko ɗaya ba zan taɓa ba."

"Haka ɓera ya ce, buhu kaɗai zai duba." Likongwe ya sosa ƙeya. "Arba'in na ba ka, arba'in nake so ran Asabar, kowanne da bangonsa. In babu, a gaban dattawa za ka yi bayani. Kuma in ka gano, ni za ka fara faɗa wa. Ka manta ni ma na sha bulala biyu don leƙe?"

A gida Hardwell ya gwada da wuƙa, takarda ta fara yagewa. Nachisale ta ɗora buta a wuta.

"Tururi ake sa wa," ta ce.

"Shekara talatin da huɗu a gidan waya, ban taɓa turara wasiƙar kowa don in buɗe ba."

"Shi ya sa ba ka iya ba. Matsa."

Ya dube ta, sannan ya matsa mata.

Haka suka yi kwana huɗu a inuwar mangwaro: ita tana turarawa tana ɗagawa da tsinke, shi yana shanyawa, yana yanka sabon kwali yana ɗinke bango. Suka sami 'yan fashin jirgin ƙasa, da wani kare mai tashi sama, da rabin jarrabawar lissafi ta wani da ya daɗe da rasuwa. Ranar Juma'a da la'asar, a littafi na talatin da ɗaya, Nachisale ta ɗaga wani shafi da aka manna a kife.

Hardwell ya wanke hannu, ya goge, ya karɓa. Ya daɗe yana kallo.

"To? Ya mutu?"

"Bai mutu ba." Ya yi gyaran murya. "Matar nan mai dafa abinci a kwalekwalensa ce ta ga kumfa ya daina tasowa. Ita ta jawo shi da igiya."

"Shi da ƙaton tabarau, ita da tukunya." Nachisale ta sauke butar. "Da ni ka tambaya tun 1970 da muka yi aure, da na faɗa maka."

Sauran tara ba a taɓa su ba. Ran Asabar da safe Likongwe ya ƙirga arba'in cif, ya ja igiyar ɗaurin ya ji ta tamau, sannan ya miƙa hannu. Suka zauna a dakalin coci, tsofaffi biyu da shafi ɗaya, har direban motar da za ta kai littattafan ya gaji da danna ƙaho.

Shafin yana cikin akwati yanzu, a sama, da ganyen tabarsa shi kaɗai. Har yau yana ɗan ƙanshin rogo.