Gadon da Rabi Ta Bi Sawunsa

Shekara bakwai ke nan da muka rasa ƙanwata Rabi, amma har yau in na ji motar haya, trotro, ta tsaya a bakin layinmu na Maamobi, sai na ɗaga kai.

A gidanmu akwai ciwon da ke bin jini. Kakarmu ta kurumce kafin ta tsufa, Mma ta biyo bayanta, ga ciwon suga da kasalar jiki. Mutanen unguwa suka ce jifa ne. Rabi ce ta ƙi yarda. Da ta shiga jami'a sai ta karanci ilimin ƙwayoyin halitta. Ta bayyana mini cewa a cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai ɗan murhu mai ba da ƙarfi, mitokondiriya, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa.

Ta gano wani sauyi a rubutun gadon wannan murhu namu. Kullum tana zaune a tsakar gida da kwamfuta a cinya, tana gwada shi da manyan rumbunan bayanai na duniya, ko za su faɗa mata aikin da yake yi. Amsar ɗaya ce: ba a sani ba.

"Yaya," ta ce mini, "ba su san mu ba ne. Jinin mutanenmu babu shi a ciki."

Sai ta shiga Nima da Kotobabi gida-gida tana roƙon danginmu na wajen uwa su ba da jini. A lokacin kunnenta ya fara tafiya. Ciwon ya riga amsar zuwa.

Bana wani abokin karatunta ya zo ya shaida mini cewa rumbunan sun sauya hukunci: sauyin nan shi ke kawo ciwon, kuma aikin Rabi na cikin hujjojin. Na rasa ko murna zan yi. Rashin sani ya fi dare duhu, gaskiya ne, amma sani ma yana da nasa nauyin. Me Rabi za ta ce yau, da an samu suna ba a samu magani ba?

'Yata Hadiza ta fara cewa "Na'am?" sau biyu kafin ta gane magana. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ban kai ta gidan boka ba. Asibiti na kai ta, na faɗa wa likita sunan ciwon da bakina, ya rubuta.

Allah ya jiƙan Rabi. Dukiya ba ta bari ba, ɗa ba ta bari ba. Ta bar mana sunan abin da ke binmu.