Ƙibar da Ta Lanƙwasa Ƙofa

Shekarar da na sayi waya mai kyamara ta kirki, na tabbatar wa kaina cewa ba don koya wa yaran firamare lissafi kaɗai Allah ya halicce ni ba. Ni mai fasaha ce, garinmu Garwa na Kamaru ne bai sani ba tukuna. Da an tashi daga makaranta sai in hau moto, wato babur ɗin haya, in nufi bakin kogin Binuwai, in tsaya a gindin gada ina jiran rana ta sunkuya. Na ɗauki hoton masu wanki sun shanya zannuwa a kan yashi, na ɗauki kwalekwale babu kowa a ciki, na ɗauki kunnuwan dorina daga can nesa, don son fasahar bai kai in matsa kusa ba. In na dawo gida sai in buɗe manhajar gyaran hoto, in cire launi, in ƙara duhu a gefe-gefe, in zauna ina yaba wa kaina.

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa ganin amfanin wannan wahala ba. In na nuna mata, takan nisanta wayar daga idonta, ta juya ta, ta tambaye ni ina mutumin da aka ɗauka. In na ce babu kowa, hasken nake so, sai ta ce to a kan me zan tashi in je in ɗauki kwalekwalen da ko mai shi ban sani ba. Hoton baƙi da fari kuwa ɗauka ta yi wayar ce ta fara lalacewa, har ta ba ni shawarar in mayar wa wanda ya sayar mini tun da wuri. Haushi nake ji ba kaɗan ba, amma uwa ce, sai in haɗiye.

Abin da ya canza mata ra'ayi daga Mora ya zo. 'Yar'uwa guda ta rage wa Inna a duniya, yayarta, wadda muke kira Yadikko kamar yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiran babbar yayar uwa. Aure ya kai ta Mora tun kafin a haife ni. Da can sukan ziyarci juna, amma tun da tashin hankali ya ɓata hanyar can sai ƙafa ta ɗauke, shekaru suka taru ba su sa juna a ido ba. Suna ƙaunar juna, wannan ban taɓa shakka ba. Sai dai tun suna yara babu wadda ta taɓa yarda ɗaya ta fi ta, ko a kitso, ko a tuƙin tuwo, ko a yawan matan da suka zo mata suna.

Wata ranar Salla 'yar Yadikko, wadda sa'ata ce, ta turo mini hoton mahaifiyarta na barka da Salla. Ga Yadikko zaune cikin leshi, kumatu cike, fata sumul babu tamoji ko ɗaya, a bayanta furanni irin waɗanda ƙasar Mora ba ta taɓa tsirowa ba. Na miƙa wa Inna. Ta daɗe tana kallo, ta sa tabarau, ta cire.

"Wannan matar fa ita ta goya ni," in ji ta.

Na yi mata bayanin cewa aikin waya ne, akwai manhajar da ke goge tsufa yadda ake goge allo. Na zata za ta yi tir da ƙarya, don Inna mace ce mai yawan wa'azi. Sai ta dube ni ta saman tabarau ta tambaye ni ko tawa wayar ce ba ta iya ba, ko kuwa ni ce 'yar Yadikko ta fi gwaninta. Maganar ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, kuma ta san haka ta faɗa.

Washegari da hantsi na zaunar da ita a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gidanmu. Niyyata in yi aikin fasaha na gaske. Na sa hasken ya faɗo mata ta gefe, ya fito da kowane layi na fuskarta, kuma wallahi hoton ya yi kyau, har zuciyata ta motsa da na gan shi. Inna ta ce in goge shi kafin wani ya gani. Daga nan ta karɓi ragamar aiki. Ta zauna kusa da ni tana nuni da yatsa: a ɗauke kumburin ƙasan ido, a cike giɓin haƙorin da ya fita, a ɗan ƙara haske amma kada ya kai a ce shafe-shafe take yi. Tukwanen da ke kife a bayanta ta ce su bar wurin.

Babbar matsalar ita ce ƙiba. Waɗanda suka ƙera manhajar ga alama ramewa suke so, don duk inda na taɓa sai ta tsuke fuska, ta tsuke damtse. Mu kuwa a nan, tsohuwa in ta rame kowa ya san 'ya'yanta ba sa kula da ita. Dole na koyi jan abin ta baya, ina hura Inna a hankali kamar balan-balan, ita kuma tana cewa a ƙara kumatu. Da na gama ta ce yanzu ne ta ga kanta.

Amsa ba ta daɗe ba. Yadikko ta bayyana a wani falo mai kujerun zinariya, tana murmushi da haƙorin Makka guda biyu, alhali duk dangi sun san sau ɗaya ta je. Inna ta kasa cin abincin rana. Na tsayar da ita a gaban wata doguwar mota baƙa, hannunta a kan murfin. Mora ta turo ƙorama da ɗawisu. Ina cikin neman abin da zai fi ɗawisu Inna ta hango wani farin dutse a wayata ta tambayi mene ne wannan farin, na ce ƙanƙara ce, can sanyi ake yi. Lokacin zafin Garwa ne, irin wanda ko gadon mutum ƙona shi yake yi. Ta ce a kai ta can. Haka mahaifiyata ta tsaya a kan dusar ƙanƙara da silifas da mafici a hannu.

Na daina zuwa bakin kogi gaba ɗaya. Ni da 'yar Yadikko ba mu taɓa ce wa juna uffan a kan zancen ba, gaisuwa kawai muke yi kamar ba mu ne ke faɗan ba.

Mai karatu zai ce me ya hana su kiran bidiyo su ga juna. Na taɓa kawo shawarar. Yadikko ta aiko da cewa rezo, wato sabis ɗin waya, a Mora ba shi da ƙarfi, Inna kuwa ta karɓi uzurin hannu bibbiyu, don ta riga ta tambaye ni ko ana iya cike giɓi mutum yana magana, na ce ban iya ba. Sai suka tsaya a saƙon murya, lafiya lau, jam kamar yadda Fulani ke cewa, Alhamdu lillahi. A danginmu ba a taɓa yin rashin lafiya ta waya ba. Kunya ce ka ɗaga hankalin ɗan'uwan da ke nesa. In abu ya yi tsanani a ce ɗan zazzaɓi ne, daga nan sai a ji an ce a zo gaisuwa. Inna kanta gwiwa ta hana ta sakat, ga hawan jini, amma ta gargaɗe ni kada maganar ta wuce ƙofar gida. Kuma duk sanda ta fara zancen ya kamata ta daure ta je Mora, sai sabon hoto ya shigo, ta ja tsaki ta ce mai ɗawisu ba ta bukatar kowa, a bari sai bayan damina.

Wata rana da yamma na zauna ina buɗa sabon hoton Yadikko da yatsu biyu, ina neman aibin aikin 'yarta, don kishin sana'a gaskiya ne. Na kuwa samu. Ƙofar da ke bayan Yadikko ta lanƙwashe daidai kafaɗarta, ta sake lanƙwashewa daidai damtsenta. Duk mai wannan aiki ya san dalili: in ka ja jikin mutum don ka faɗaɗa shi, abin da ke bayansa ma biyo shi yake yi. Na tashi da murnata na kai wa Inna, ina dariya ina cewa ga asiri ya tonu, ƙibar Mora ta jabu ce.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko a nata hotunan ƙofa ta taɓa lanƙwashewa. Na ce a'a, ai ita kaɗan nake ƙara mata. Ta ce to sai an ƙara kamar yaya kafin ƙofa ta lanƙwashe. Sai a lokacin na fahimci abin da na kawo mata. Ta ce in buɗa mata wajen hannu. Akwai munduwar azurfa da aka sa wa Yadikko ranar aurenta, wadda da ta yi jiki ta ƙi fita, har maƙeri ya ce sai dai a yanke. A hoton munduwar ta zamo har kan yatsu, an naɗe ta da tsumma don kada ta faɗi.

"Adda ba ta da lafiya," in ji Inna, don haka take kiran yayarta. "Je ki ajans, tashar mota, ki kama mana wuri."

Tsoro ya kama ni, na hanya da na gwiwarta, na fara kawo dalilai. Ko kallona ba ta yi ba, tana ta ninke zannuwa. Da safe muka shiga mota zuwa Marwa, daga can muka sake wata. A kowane shinge sai an sauke mu an duba katin shaida, kuma matar da a gida sai an kama ta take tashi daga tabarma, ranar ita ke riga ni sauka.

'Yar Yadikko ce ta buɗe mana ƙofa. Da ta gan mu sai ta rufe baki da mayafi, idonta ya cika. Ta ce mahaifiyarta ce ta hana ta faɗa, ta ma sa ta rantse. Muka shiga ɗaki. Yadikko na kwance a kan katifa a ƙasa, ta ƙanƙance har na ɗauka tarin zannuwa ne. Ta buɗe ido ta ƙare wa Inna kallo, tun daga furfura har kumburarriyar gwiwa, sannan ta juya wajen 'yarta ta tambaya wace tsohuwa ce wannan aka bari ta shigo mata ɗaki.

"Ina yarinyar nan ta kan ƙanƙara?" ta ce.

"Tana can tare da ƙatuwar nan mai ɗawisu," in ji Inna.

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Yadikko, Inna ta durƙusa da ƙyar ta tallafo kanta, dariyar ta koma kuka. Ni ma na yi, 'yar Yadikko ma ta yi. Da numfashi ya dawo mata, Yadikko ta ce ta sha ɗaukar waya za ta ce ƙanwarta ta zo, sai ta ga hoto, ta ga mace cikin jin daɗi da mota da komai, ta ce ina dalilin jawo ta wannan hanya ta zo ta ga ƙashi. Ta kai hannu ta taɓa giɓin Inna da yatsa.

"Da na san kin lalace haka, da tuni na kira ki."

Bayan kwanaki kaɗan na ce wa Inna hutun da na ɗauka a makaranta ya ƙare, mu shirya. Tana zaune ta jingina yayarta a ƙirjinta tana ba ta kunu da ludayi, tana yi mata faɗan cewa ba ta buɗe baki sosai. Ba ta ɗago ba ta ce in tafi, in aiko mata da maganin hawan jininta da sauran zannuwanta. Ni kaɗai na koma Garwa. Inna ba ta dawo ba sai bayan damina, bayan da ta yi wa yayarta wankan ƙarshe da hannunta.