Ranar da Dattawa Suka Zo Duba Akwatin

Rubuta yadda na faɗa, jikata, ko da kin ga ina kuka.

Maigidana ma'aikacin reluwe ne a Kafancan, dattijo kuma a coci. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in wani Bature da zai koma gida ya bar masa akwatin darar Turawa mai aiki da lantarki. Ka yi wasa, ka danna masa, shi ma ya nuna nasa da jar wuta.

Magana ta bazu cewa muna da aljani a ɗaki. Wata Asabar Fasto ya zo da dattawa biyu. In sun tabbatar, za a sa maigida ƙarƙashin horo, a hana shi Jibin Ubangiji. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi zuwa coci ba.

"Inji ne, Fasto," in ji maigida. "Ana ƙara masa wayo, ana ragewa."

Babban dattijon ya ce, "Kai ai zai yi maka biyayya. Maman yara ta taɓa mu gani."

Ni da ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Abin da na sani, in maigida ya gaji yakan danna maɓallin gefe har lamba mai kama da taɓarya ta fito, sai akwatin ya zama wawa. Na danna. Wata lamba mai ƙaton ciki ta fito. Fasto, wanda ya koyi darar a makarantar mishan, ya yi wasa. Akwatin ya yi shiru, wuta na ƙiftawa.

"Shawara yake yi da 'yan'uwansa," in ji babban dattijon, ya ja kujerarsa baya.

Maigida ya buɗe baki zai yi bayani, aka ɗaga masa hannu. Gumi ya jiƙa min ɗankwali. Na sake dannawa, na sake, ina addu'a da yarenmu. Sai ga taɓarya.

Nan take akwatin ya amsa. Ba a jima ba ya miƙa wa Fasto sarauniyarsa, wadda ta fi duk 'ya'yan darar ƙarfi, a banza, Fasto ya cinye wasan.

"Aljanin da mace ke rage wa wayo da yatsa, ko akuyata ta fi shi," in ji ƙaramin dattijon.

Washegari maigida ne ya raba ƙoƙon Jibi. Akwatin na nan ƙasan gadona. Tun da na binne maigida ban bar kowa ya kunna ba.