Karen da Daudu Ya Bar wa Fanta

Fanta 'yar ruga ce. A gefen Tsaskiya aka haife ta, a nan kuma ta auri Daudu makiyayi. Tun tana budurwa take tallar nono da man shanu, matan Safana kuwa sun shaide ta, ba ta yi wa nono algus. Da zaman daji ya gagara, ana kore wa mutane dabbobi da rana tsaka, Daudu ya tattara abin da ya rage na garke ya yi kudu da shi. Ciwon gwiwa ya hana Fanta bin sa, sai ya kai ta Batsari wurin 'yarsu Hussaina, wadda ke auren Armaya'u mai sayar da hatsi.

Ba ita kaɗai aka bari ba. Akwai Duna, baƙin karen da ya tsufa yana gadin garken, yanzu ƙafa ɗaya ta ƙi. Ranar tafiya Daudu ya ɗaure shi a jikin turke don kada ya bi sawu, ya ce, "Ki kula da shi har in dawo." Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo.

Armaya'u mutumin kirki ne. Bai yarda kare ya shiga tsakar gida ba, amma ya bar masa wuri a bayan gida, inda yake ɗan shuke-shukensa. Kullum da la'asar Fanta kan kai wa Duna ragowar tuwo, ta zauna kan turmi tana yi masa Fillanci, tunda jikokinta Hausa kawai suke ji.

Wata rana Armaya'u ya dawo daga Katsina da wata fulawa mai faɗin ganye kamar na gwaza, mai ɗigon fari, ya dasa ta a inuwar katanga, daidai inda karen ke kwanciya. Fanta ta san tumfafiya da tinya, ta san duk abin da ake kau da maraƙi daga gare shi a daji, amma wannan ba ta taɓa ganinta ba.

Ran nan da hantsi ta tarar da Duna yana dirzar bakinsa da ƙasa, yawu na dalala, leɓɓansa sun kumbura. Ga ganye biyu a tattaune.

"Hussaina! Zo ki gani!"

Hussaina ta leƙo ta ce, "Inna, kare ne fa. Ciyawa suke ci su yi amai su warke."

Fanta ta yagi ganyen ta ƙulle a gefen zane, ta ɗingisa har kasuwa, wurin Malam Yusha'u mai maganin dabbobi.

"Malam, wannan tana kashe kare?"

Ya juya ganyen ya ce, "Inna, irin wannan baki take ƙonawa, kamar ɗanyen gwaza. Ba kasafai take kisa ba. Ki wanke masa baki da ruwa, ki ba shi nono mai sanyi. In kin ga numfashi na yi masa wuya, a aiko in zo."

Sai ga Fanta tsaye a gaban wata matar da ta ajiye ƙwaryar nono a inuwar dalbejiya. Tun da aka haife ta ba ta taɓa sayen nono ba. Matar ta ɗaga faifai, ƙanshin ya taso, Fanta ta ji kamar tana tsugune gefen saniyarta da sassafe, maraƙi na tunkuɗar ta. Sai da matar ta ce, "Inna, a zuba?" sannan ta dawo hayyacinta.

Duna ya lashe nonon da ƙyar. Da yamma Fanta ta sa Hussaina ta kira mata lambar Daudu. Bayan gaisuwa ta faɗa masa abin da ya faru.

"Ya tashi dai?" in ji shi.

"Yana ɗaga kai."

"To, madalla. Ke fa, ya gwiwar?"

"Da sauƙi."

Tambayar ranar dawowarsa na bakinta, ta ji kukan shanu a bayansa, sai ta yi ta saurare har layin ya yanke.

Karen ya warke. Armaya'u da kansa ya tuge fulawar, ya zo ya tsuguna daga nesa ya ba surukarsa haƙuri.

Bayan kaka wani direba ya kawo saƙo daga kudu: man shanu a gwangwani, an naɗe shi da tsohon rawanin Daudu. Duna ya shinshini rawanin ya hau kuka, ya fita da ɗingishinsa har bakin titi yana duba duk motar da ta tsaya. Fanta ta bi shi don ta dawo da shi. Da ta isa, sai ita ma ta tsaya, har aka kira magariba.