Ɓarin Gyaɗa

A gidanmu na Zango, a Wagadugu, gyaɗa muke soyawa. Inna ce ke kan kasko, tana juya ta cikin yashi mai zafi. In ta huce mu murje ɓawon, mu sheƙe a faifai, mu ɗura a kwalabe, yayana ya ɗaure su a bayan babur ya kai kasuwar Rood Woko. Ƙa'idar Inna ita ce ƙwaya cikakkiya kaɗai ke shiga kwalba. Wadda ta rabe biyu ta yaran gida ce. Haka aka yi mana muna ƙanana.

Ɗan yayana yana da shekara ɗaya da wata takwas a lokacin. Wata Laraba uwarsa ta tafi suna a unguwar Larle, ta bar mini shi. Muna cikin ɗuri ya zo ya dafa gwiwata yana miƙo hannu.

"Ba wa mijin nawa mana," in ji Inna. "So kike ya sake ni saboda rowarki?"

Na zuba masa ɓari a tafin hannu, ya cika baki. Daidai nan ya ji ƙarar babur ɗin ubansa a ƙofa, ya ruga yana dariya, sai ya ƙware. Tari ya sarƙe shi, idanunsa suka yi jawur. Inna ta sure shi, ta hura masa iska a maɗiga, ta ba shi ruwa. Kafin yayana ya kafe babur, tarin ya tsaya.

"Ta wuce," in ji Inna. "Alhamdu lillahi."

Daga baya na san cewa tari kan tsaya idan abin ya gangara cikin huhu ya zauna.

A rana ta huɗu zazzaɓi ya kama shi. Ni na raka uwarsa ƙaramin asibitin unguwa, domin ba ta jin Faransanci, ni kuwa na yi makaranta. Ma'aikacin jinya ya tambaya ko yaron ya haɗiyi wani abu kwanan nan. Na juya mata tambayar da Hausa. Ta ce a'a, tun da ba wanda ya gaya mata. Na juya na ce masa a'a. Na tuna da Larabar sarai. Amma Inna ta ce ta wuce, kuma hannuna ne ya ba shi. Damina ce, rabin yaran da ke kan benci zazzaɓin cizon sauro ya kawo su. Maganinsa aka ba mu.

Bayan mako guda numfashinsa ya fara fita da wani siririn sauti kamar fito. Muka tafi babban asibiti. Likitar ta daɗe tana duba hoton ƙirjinsa, sannan ta yi tambayar nan dai. Wannan karon ban fassara ba, da kaina na amsa.

Matar yayana ta ja gefen mayafina. "Me kike ta gaya mata haka? Faɗa mini da Hausa."

Na faɗa mata.

Washegari suka ciro shi: ɓari ɗaya, ya kumbura ya yi laushi. Ciwon ya riga ya ci huhun. Bayan kwana biyu yaron ya rasu, ana kiran la'asar.

Matar yayana ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Bayan sadakar arba'in ta dawo kan faifai tare da mu, ta riƙa tsince ɓarin tana zubawa a gwangwani mai murfi, ta kai inji aka niƙa na ƙuli-ƙuli. Tun daga ranar ba a sake ba yaro ɓari a gidanmu ba.

Yanzu tana da 'ya mace mai shekara uku. Muna hira, muna ci a kwano ɗaya, nakan yi wa yarinyar kitso. Amma duk ranar da za ta kai ta asibiti, maƙwabciyarmu take kira ta yi mata tafinta.